Ɗaya Fuskar Faifan Kaka

Ranar da ta fara shiga shagonsa, ko sallamarta bai gama amsawa ba ya miƙe tsaye yana cewa, "Don Allah baiwar Allah, ta gefe ake riƙewa."

Ta dubi abin da ke hannunta, ta dube shi. Tsohon faifan garmaho ne baƙi wuluk, mai nauyi, ta zaro shi daga cikin tawul ta damƙe shi da yatsu biyar. Shi kuwa saurayi ne siriri mai tabarau, rigarsa duk tabon dalma, ya miƙo hannu biyu kamar za a ba shi jariri.

"To, ina wuni dai tukuna," in ji ta.

Kunya ta kama shi, ya sosa ƙeya. "Lafiya lau. Ki yi haƙuri. In na ga an danne layin faifai da yatsa, har cikin raina nake ji."

A unguwar Nas ake ce mata, don a ƙaramin asibitin bakin titi take aiki. Shi kuwa kowa Mai Faifai yake kiransa. Sana'arsa gyaran rediyo da fanka da lasifika, amma in ka leƙa ƙuryar shagon sai ka san inda zuciyarsa take. Faya-faye ne jere a tsaye a kan katakai, na manyan ƙungiyoyin makaɗan rawa na zamanin da, masu kwat da ƙahonin ƙarfe da babbar ganga. Yana bin gidajen da za a zubar da tsofaffin kaya yana tsinto su, ya wanke, ya naɗi sautinsu a kwamfuta, ya zuba a intanet kyauta ga duk mai so. Ran Asabar da la'asar kuma ya buɗe ƙofa, ya jera benci, tsofaffin unguwa su zo su saurara.

"Na kakata ne," ta ce. "Mijinta ne ya busa ƙaho a ciki. Idonta ya tafi, ta ce tana so ta sake jin sa kafin ta bi shi."

Ya ɗaga faifan ya karkata shi wajen haske. Takardar tsakiya ta goge, ba a iya karanta ko harafi ɗaya. Ƙura ta cike layukan.

"Ban taɓa ganin irinsa ba," ya ce a hankali. "Zai yi magana, in sha Allahu. Sai dai irin wannan da allura mai kauri ake jin sa, tawa kuwa ta karye, na aika a kawo wata. Ki bar shi a wurina."

"Kaka ba ta barci in ba ya cikin akwatinta."

"To ki mayar. A tsaye za ki ajiye shi, nesa da rana. In allura ta iso sai mu wanke shi mu saka."

Ya karɓi lambarta saboda maganar allura. Wai saboda allura. Tun ba ta kai bakin titi ba saƙo ya shigo:

"Na manta ban ce ba. Ran Asabar muna sauraron kiɗa a shago. Benci akwai wuri."

Ta yi murmushi ita kaɗai ta rubuta, "Tsofaffi ka ce suna zuwa. Ni na yi maka kama da tsohuwa?"

"A'a. Shi ya sa benci ke bukatarki."

Ta je. Asabar ɗin da ta biyo baya ma ta je. Ta ga wani dattijo da ba ya iya taka ƙafa sai da sanda yana kaɗa kafaɗa, ta ga wata tsohuwar malamar makaranta ta rufe ido tana bin ƙaho da yatsa. Ta ga yadda Mai Faifai ke sauke allura a kan faifai, numfashinsa a riƙe. In wani ya ce yana son wata waƙa, sai ya tura masa a waya nan take.

"Ba ka jin ciwon wahalarka?" ta tambaye shi wata rana bayan an watse. "Ka yi ta wanki da gyara, wani ya kwashe a banza."

"Waƙar da aka kulle a akwati ta mutu," ya ce. "Mutanen nan don a ji su suka busa."

"Kai dai tsoho ne a jikin yaro."

Daga ranar sunansa ya koma Tsohona a bakinta. Shi kuma ya sa mata Amshina, wai duk inda tunaninsa ya zaga, kanta yake dawowa kamar amshin waƙa. Saƙonni suka riƙa kai da komo a lokacin hutunta na rana.

"Amshina, yau na wanke wani faifai da ya sha ruwan sama. Ya yi magana. Na so kina kusa."

"Tsohona, ka ci abinci kuwa, ko ƙura ka sha?"

"Na ci. Amma ban ƙoshi ba sai na ji muryarki."

"Zaƙin baki. Allurar fa?"

"Tana hanya. Ni kam ba na gaggawar isowarta."

Zance ba ya ɓuya a unguwa. Babanta kafinta ne, rumfar aikinsa a jikin gida take, jingine da tagar ɗakin Kaka. Mutum ne mai kirki, mai taurin kai kamar icen da yake sassaƙa. Tun rasuwar matarsa shi da Kaka suka raini Nas, kuma da yake sunan uwarsa ta ci, Uwata yake kiranta. Abu ɗaya ne ba a yi a gidansa, shi ne kiɗa. Ko rediyo aka kunna, labarai na ƙarewa zai kashe. Abin dariyar shi ne, shi kansa ba ya iya aiki sai yana fito. Fito ɗaya ne kullum, tun Nas tana rarrafe take jin sa yana tashi tare da ƙarar zarto, har ta daina lura da shi.

Ya kira ta rumfa wata safiya, bai ajiye gudumarsa ba.

"Uwata, an ce kina zama a shagon mai kiɗa."

"Gyaran rediyo yake yi, Baba."

"Na san abin da yake yi. Na kuma ji kyauta yake rabawa. Mutumin da bai san darajar guminsa ba, ta yaya zai san darajar 'yar mutane?" Ya buga ƙusa ɗaya. "Ubana makaɗi ne. Yau yana wannan gari, gobe yana wancan, mutane na rawa, mu muna jiran sa a bakin ƙofa. A hanya ya mutu, ban isa in tuna fuskarsa sosai ba. Ƙahonsa ya sani, ban taɓa shiga ransa ba. Abin da uwata ta sha, ba za ki sha ba."

"Baba, ba ka san shi ba."

"Na san irinsu. Ga Mai Kemis nan yana ta aiko mini da gaisuwa."

Mai Kemis shi ne mai babban shagon magani kusa da asibitinsu. Ba shi da wani aibu, sai dai in ya fara labarin motarsa ba ya sanin rana ta faɗi. Nas ba ta ɗaga murya ba, ba a raine ta haka ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba zan yi abin da ba ka yarda da shi ba. Amma kuma ba zan ce ina son wanda ba na so ba. Zan jira."

"Sai ki yi ta jira," ya ce, ya koma fitonsa.

Ta shiga ɗakin Kaka ta zauna a bakin gado. Tsohuwar ta laluba ta kama hannunta.

"Takwara, na ji ku. Ki ƙyale shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yaron dai yana da kyau?"

"Kaka, ke da ba kya gani?"

"Shi ya sa nake tambaya. In mummuna ne ki bar mini shi."

Ana haka allura ta iso. Saƙon ya same ta a wurin aiki: "Amshina, ta zo. Gobe ki kawo faifan Kaka." Murna ta cika ta. Ta ƙudura a ranta cewa in Kaka ta ji muryar mijinta ta hannun wannan yaro, dole zuciyar Baba ta yi sanyi.

To, a nan ne aka yi aika-aikar. Nas mutum ce da aikinta ya koya mata abu ɗaya: duk abin da kake so ya tsarkaka, sa masa sifirit. Almakashi, tebur, fatar mara lafiya, har wayarta, da shi take gogewa. Da safe ta ɗauko faifan ta ga ƙurar nan, ta ce bari ta rage wa Tsohonta aiki, ya ga ita ma ta iya. Ta riƙe shi ta gefe yadda ya koya mata. Kaka ta taɓa nuna mata fuskar da waƙarta take, mai ɗan tsaguwa a takarda, don haka da ita ta fara. Ta jiƙa auduga sharkaf, ta zagaya da ita sau ɗaya, ta sake zagayawa.

Audugar ta fito baƙa ƙirin. Ta ɗauka datti ne, har ta ji daɗi. Sai da ta ji tana mannewa a yatsunta ta duba da kyau. Layukan sun narke, sun zama santsi, kamar an shafa kwalta.

Ba ta san yadda ta isa shagon ba. Mai Faifai ya karɓa, ya kai wajen haske, ya duba layukan.

"Da wani irin ƙaro ake yin su," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa ƙasa. "Sifirit narkar da shi yake. Ruwa kawai ake sa musu, da ɗan sabulu."

"A gyara mana, Tsohona. Kai kana gyara komai."

"Wannan ba ya gyaruwa."

Ta zauna a kan benci ta yi kuka sosai. Garin gyaran gira ta rasa ido. Ba ta taɓa jin ta tsani hannunta irin na ranar ba.

Ya ce ba zai bar ta ta fuskanci Kaka ita kaɗai ba, ya rufe shago suka tafi tare. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Baba. Ya dubi saurayin, ya dubi faifan da ke hannunsa, fuskar ta dagule.

"Wa ya yi wannan?"

Kafin Nas ta buɗe baki, Mai Faifai ya rusuna ya ce, "Laifina ne, Baba."

Baba ya karɓi faifan. Ya ƙura masa ido, shi da ba ya son ko zancen kiɗa. "Shekara da shekaru uwata na ajiye da shi, ko ƙwarzane bai yi ba. Ka shigo rayuwarmu, ga shi. Kama hanya. Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Saurayin ya juya ya tafi. Nas kuwa ta shige ɗaki ta ɗauko audugar da kwalbar sifirit, ta ajiye a kan teburin aikin Baba.

"Ni ce, Baba. Ga shaida. Shi ba hannunsa a ciki."

Baba ya dubi audugar. "To ƙarya ma yake yi kenan."

"Rufa mini asiri ya yi."

"Ko ke ce, wa ya jawo? Kafin ki san shi kin taɓa tunanin goge faifan nan? Magana ta ƙare, Uwata."

Kaka ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona ran Nas kenan. Ta shafa fuskar faifan da tafin hannu, ta ji santsin, hawaye suka gangaro mata. "Waƙar da ya yi mini ce, lokacin yana nema na," ta ce. Ta nannaɗe shi a tawul ta mayar akwati, ta juya ta fuskanci bango.

Kwanaki suka wuce, wayar Nas shiru. Ta tura saƙo, "Tsohona, ka yi fushi da ni?" Ba amsa. Ta ce a ranta ai dole, mutumin da ke jin ciwon yatsa a kan faifai, me zai yi da wadda ta narkar da guda? Mai Kemis kuwa ya samu ƙofa. Ya zo har gida da wata ƙatuwar lasifika sabuwa fil a kwali, ya ce wa Kaka akwai waƙoƙi dubbai a ciki, na da da na yanzu.

"Akwai ta mijina?" in ji Kaka.

"Ai duk kiɗan da ɗaya ne, Kaka."

"Allah ya yi albarka, ɗana. Ka kai wa wata, ni waƙa ɗaya kunnena yake jira."

Da Nas ta raka shi bakin mota, ta faɗa masa gaskiya cikin ladabi, cewa zuciyarta tana wani wuri, kuma ko an ƙi ta a can ba za ta dawo da ita nan ba. Daga nan ba ta koma gida ba, ta miƙe sai shagon. In rabuwa ce, gara ta ji da kunnenta.

Ta same shi gaban kwamfuta, ya rame, gemu ya fito.

"Ka daina amsa ni."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Kunyarki nake ji, Amshina. Na ce miki a tsaye, na ce nesa da rana, na manta babban. Na san aikinki, na san ƙamshin sifirit a hannunki kullum, amma ban faɗa ba. Da na ce wa Baba laifina ne, ba ƙarya na yi ba. Na yi alkawari ba zan zo miki ba sai da waƙar a hannuna. Duk wanda na taɓa tura wa waƙa na tambaye shi. Amma faifai ba suna, ba lamba, me zan ce su nema? Babu wanda ya gane."

"Shi ne ka bar ni ina cin raina?" Ta zauna kusa da shi. "Ka saurare ni da kyau. Na ɓata faifai, na yarda. Ba zan yarda in ɓata mu ba. Kai ma ba ka isa ba."

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun ranar. "To ya za mu yi da Baba?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba inda za ni."

Ya ɗago kai. "Ɗaya fuskar fa? Kin taɓa ta?"

"A'a. Ina ganin baƙin na tsaya."

"To tana nan da rai."

Da ta kai wa Kaka wannan magana, tsohuwar ta daɗe tana juya carbi. Can sai ta yi wani ɗan murmushi da Nas ba ta gane kansa ba.

"Ki ce ya zo gobe da na'urarsa. Da hantsi, lokacin da babanki ke rumfa."

"Kaka, ya hana shi shigowa."

"Gidansa ya hana. Ɗakin nan nawa ne, ni na haife shi. Ki buɗe mini tagar nan kuma, kada ki rufe."

Washegari Mai Faifai ya zo ɗauke da na'ura, da ƙaramin kwano da burushi mai laushi. Baba ya hango shi daga rumfa ya ajiye zarto, amma muryar Kaka ta fito ta taga: "Baƙona ne." Baba ya haɗiye maganarsa, ya juya baya, ya kama goge wani katako da ƙarfi kamar shi ya yi masa laifi. Ba a jima ba fitonsa ya tashi, ya fi na kullum ƙarfi, don dai a san bai damu ba.

A ɗaki saurayin ya durƙusa ya gaida Kaka. Ta laluba fuskarsa. "Ba laifi. Takwara, na bar miki." Ya wanke ɗaya fuskar da ruwa a hankali, yana bin layi, ya jira ta bushe. Nas ta tsaya a gefe ta harɗe hannuwanta a baya, ta rantse ba za ta taɓa komai ba. Ya haɗa kwamfuta don ya naɗa tun a karon farko, ya ɗora faifan, ya riƙe numfashi, ya sauke allura.

Da farko shuu kawai ake ji, da ɗan ƙas-ƙas. Sai ganga ta shigo a hankali, sauran kayan busa suka bi ta. Sannan duk suka ja baya, ƙaho ɗaya ya fito shi kaɗai.

Tsigar jikin Nas ta tashi. Ta san wannan waƙa. Ta san inda za ta hau, ta san inda za ta sauka. Tana jin ta daga cikin na'ura, tana kuma jin ta daga taga, a bakin babanta, suna tafiya tare ba wanda ya riga wani.

Fiton ya yanke a tsakiya. Ƙarar gugar katako ma ta tsaya. Ƙahon ya ci gaba shi kaɗai har ya kai ƙarshe.

Baba ya bayyana a bakin ƙofa, garin katako a gashinsa da girarsa. "Inna," ya ce, "a ina mai ƙahon nan ya samu wannan?"

"Kai za a tambaya a ina ka samu," in ji Kaka. "Kana haƙori ka ƙi barci, ka hana kowa sakat. Ubanka ya ɗauke ka a kafaɗa yana zagaya tsakar gida yana yi maka ita da baki. Duk dawowar da zai yi, kafin ya cire takalmi sai ya ɗauke ka ya yi maka. Da za su yi faifai aka ce kowa ya kawo abin da ya fi so, ya sa tawa a gaba, taka a baya."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"In na ɗauko zancen ubanka tashi kake ka bar mini ɗaki. Fiton kuwa da gangan na yi shiru. Da na faɗa maka nasa ne, da ka daina. Ni kuma a bakinka kaɗai nake jin sa."

Baba ya zauna a ƙasa a inda yake, ya rufe fuska da hularsa. Nas ba ta taɓa ganin kukan babanta ba, ko ranar da mahaifiyarta ta rasu a ɓoye ya yi. Da ya ɗago, bai dubi kowa ba sai saurayin.

"Ɗana, a sake sawa."

"Daga kwamfuta zan sa, Baba. Faifan kada ya gaji."

Baba ya gyaɗa kai. Mai sana'a ya san mai tattalin kayan aiki in ya gan shi. Aka sake sawa, aka kuma. Daga baya ya share ido ya ce, "Wannan rabawar da kake yi, in ka sa ta, wasu za su ji?"

"Duk wanda ya so, ko a ina yake."

"To ka sa. Ka rubuta cewa wani uba ne ya yi wa ɗansa." Ya miƙe yana kaɗe wando, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Kuma ka turo manyanka. Uwata ta ce za ta jira, na san halinta, har furfura sai ta yi."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Nas: "Amshina, ƙafata ba ta taɓa ƙasa."

Ta rubuta, "Sauko, Tsohona. Akwai aiki a gabanmu. Kuma na yi alkawari, sifirit ba zai shiga gidanmu ba sai a kulle."

Ana shirin aure, Baba ya riƙa ɓacewa a rumfa, ya hana kowa leƙawa. Sau ɗaya ya je shagon da abin awonsa, ya auna faifai tsawo da kauri, ya fita bai yi bayani ba. Waƙar kuwa tana can tana yawo. Ana saura kwanaki kaɗan, wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta rubuto wa Mai Faifai cewa ta gane ta, akwai irin faifan a kayan marigayi mahaifinta. Sai dai gefensa ya ɓalle, farkon waƙoƙin ya tafi. Ta naɗo abin da ya rage na ɗaya fuskar ta turo, ta ce ba ta son komai, ita ma ta sha sauraron nasa kyauta.

Bai faɗa wa kowa ba sai Nas, ita kuma ta riƙe bakinta da ƙyar.

Ranar da aka ɗaura aure, bayan baƙi sun ragu, aka taru a tsakar gida. Tsofaffin Asabar duk sun zo, har mai sanda. Baba ya yaye zanen da ya rufe aikinsa. Kabad ce ta faya-faye, mai ƙananan ɗakuna a tsaye, kowanne daidai faifai, ga ƙofa mai kare rana. Ɗaki na farko ya yi masa shimfiɗa mai laushi.

"Na faifan Inna ne," ya ce. "In ta yarda."

"Ku ɗauka," in ji Kaka. "Na gaji da gadinsa."

Sai ango ya matso ya durƙusa gabanta. "Kaka, ina da saƙo. Bai cika ba, rabi ne." Ya danna.

Daga tsakiya waƙar ta fara, ba sallama. Kaka ta ɗaga kai. Leɓenta ya soma motsi, ƙafarta ta soma taɓa ƙasa. Da ta ƙare ta ce, "Farkon ne babu? Wannan ai ina da shi." Ta gyara murya ta rera musu, da 'yar muryarta mai rawa, har ta kawo daidai inda ƙahon ya karɓa.

Nas ta kifa kai a cinyarta tana kuka tana dariya. Kaka ta laluba ta kamo hannunta, ta kamo na angon, ta haɗa su a nata.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu hana barci, ku ma ku san abin da za ku rera musu."

Aka amsa da amin. Baba ya ɗora hannu a kafaɗar surukinsa ya ce nasa amin ɗin, sannan ya kama gefe ɗaya na kabad ɗin, ango ya kama ɗayan. Suna fita da ita zuwa mota, Nas ta ji fiton ya tashi, wannan karon daga baki biyu.